Kwamfutar da ta Haɗiye Muryar Abibata

Ni ne Garuba na Salaga, dillalin shanu. Ban taɓa zama a aji ba, amma ku tambayi duk wanda ya san ni. Kwale-kwale ya kife da mu a Kete Krachi, na fito da hulata a kai. Shekarar da aka yi faɗa a Salaga, na bi daji a ƙafa da iyalina, ko akuya ban bari a baya ba. Duk wannan gabana bai faɗi ba. Abin da ya ba ni tsoro wani faifan ƙarfe ne da bai kai tire ba.

Kafin matata Abibata ta rasu, 'yarmu Zakiya ta riƙa ɗaukar maganarta tana zubawa a kwamfutarta: hira, addu'a, har da faɗan da take yi mini. Bayan rasuwa Zakiya ta koma aikinta na asibiti a Kumasi, ta bar mini kwamfutar, ta nuna mini inda zan danna. Kullum in na sha koko sai in buɗe, in ji Abibata.

Wata safiya na buɗe, kwamfutar ba ta kai ni inda ta saba ba. Wasu ɗigo-ɗigo suka yi ta zagaye, ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa. Daga nan fuskar ta koma shuɗiya kamar an tsoma ta a baban rini. Na danna ko'ina. Na hura mata iska. Na yi mata tofi. Shiru.

Na kira Zakiya.

"Uwarki ta tafi," na ce.

"Baba, wane irin zance ne wannan?"

Na bayyana mata. Ta ce kwamfutar ce ta sabunta kanta, wani lokaci in suka yi haka ba sa tashi. Waya na yankewa, abin da kunnena ya kama shi ne: "Kada ka ji tsoro, akwai Bawku... ka kai wa Issahaku a Yendi." Layin ya ɗauke.

Na zauna ina juya maganar. Abibata 'yar Bawku ce, can aka binne cibiyarta. Na ce a raina, to, muryar ma gida ta koma.

Na naɗe kwamfutar a darduma, na hau lori zuwa Yendi, tana kan cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar ni aka jijjiga wa hanji.

Issahaku mai gyara ne, Badagombe, abokin karatun Zakiya, shagonsa na bayan tasha. Ya kunna, ya gwada nan, ya gwada can, ya yi tsaki.

"Alhaji, kwamfuta ya lalace a ciki. Ya fara sa sabon tsari, bai gama ba. Sai mu share duka, mu zuba sabo."

"Share me?"

"Duka. Kana da bakaf?"

"Ni ɗan Salaga ne. Matata ce 'yar Bawku."

"A'a, Alhaji, bakaf."

"Na ji ka! Na ce matata ce. Kai kurma ne?"

Ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa na motsi. Na ɗora tafina a kan kwamfutar na ce in ya share ko tari ɗaya na Abibata, sai an raba mu. Da ya ga idona, dariyar ta tsaya. Ya ce bakaf wani ɗan akwati ne da ake kwafe komai a ciki, don irin wannan rana. In akwai shi, murya za ta dawo. In babu, ba ya alkawari.

Ya kira Zakiya, ya buɗe wayar muna ji. Ta ce ai abin da ta faɗa mini ke nan, akwai bakaf. Ya ce yana ina? Sai ta ce:

"Wayyo Allah. Lokacin sadakar arba'in na kai wa su Inna Rashidatu su ji muryar Mama. Na manta shi a can."

"A can ina?"

"Bawku."

Na dubi Issahaku. "Wa ya faɗa tun farko?"

Amma fa bakina ne kawai ke cika. Kowa ya san yadda hanyar Bawku take a 'yan shekarun nan, saboda rikicin da ake yi a can. Zakiya ta roƙe ni in bari a aiko da shi. In ba wa direba muryar matata ya jefa a ƙarƙashin kujera tare da buhun albasa? Na ce Issahaku kada ya taɓa komai sai na dawo.

Mun bi ta Gushegu, mun gangara dutsen Nakpanduri. Tun daga Garu motar ta yi tsit, ba mai hira, ba mai tauna gyaɗa. A shingen sojoji aka sauke mu, aka duba jaka. Ni ba bindiga nake tunani ba. Tunanina Rashidatu, ƙanwar Abibata, mace ce da ba ta ajiye abin da ba ta san amfaninsa ba. In ta ba jikoki sun yi wasa da shi fa? In ta zuba a shara? Na yi ta jan carbi har yatsana ya yi zafi.

Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida.

"Kai, mijin yaya! Wa ya koro ka? Dubi fuskarka kamar ka ga kura."

"Kura ta san ni. Ina akwatin da Zakiya ta bari?"

"Wane akwati?"

Na zauna a kan turmi.

"Ɗan baƙi, mai wutsiya," na ce.

"Au, abin cajin waya? Ai ba ya aiki. Na sa wa wayata, ko ɗigo bai ba ta ba. Saura kaɗan in ba mai sayen tsoffin ƙarafa."

"Rashidatu, yayarki ce a ciki."

Ta ajiye rariya. Ta shiga ɗaki, na ji kwanonin jere na ƙara ɗaya bayan ɗaya. Ta fito da shi daga cikin wata tsohuwar kwalla, yana warin daddawa, ta riƙe shi da hannu biyu. Ba ta sake tsokanata ba. Na sa shi a aljihun ciki, na ɗaure bakin aljihun da zare.

Washegari na koma Yendi. Issahaku ya jona shi a wata kwamfutar ya leƙa, ya ce kaya suna nan. Duk da haka, da ya ce zai share tawa, na juya baya, na kasa kallo. Ya zuba sabon tsari, ya jona akwatin. Wani ɗan layi kore ya fara rarrafe. Ya kai tsakiya ya tsaya.

"Ya mutu?"

"Yana tunani, Alhaji."

"Ka ce ya yi sauri."

Aka kira la'asar. Na yi salla a ƙofar shagon, ban san me na karanta ba. Ina sallamewa na ji daga ciki:

"Malam Garuba, ka sake barin butar nan a rana? Zakiya, kashe abin nan, kada ki ɗauki wannan."

Na zauna a kan dardumar ina saurare. Issahaku ya leƙo ya ce ko ya tsayar?

"Bar ta," na ce. "Ba ta gama ba."