Dokin Ƙofar Malam Haladu

Rodin farko a kafaɗa ya sami Malam Haladu. Rahama, 'yar maƙwabcinsa, tana tsallaken layi da ƙullin kaya a ka, har can ta jiyo ƙarar ƙashin.

"Yalla, tashi, tsoho!" in ji Tariƙ, mai tsintar ƙarfe a kangaye, rodin a hannunsa. "Gida ya tafi, halas, magana ta ƙare. Dutsen nan akwai mai saye."

Malam bai gusa ba. Yana zaune daram a kan dokin ƙofarsa, wani farin dutse, iyakar abin da ya rage masa tun da aka rushe layinsu a unguwar Nuzla.

"Kwashe ƙarfen, ɗana. Haɗa da tagogin. Wannan dai ka bar shi."

Rahama ta san dalili. Tun tana ƙarama yake ba ta labarin malamansa na ƙasar Ayalan, can Turai, inda ya yi karatu yana saurayi. Masana ne masu bin gonaki a ƙafa cikin ruwan sama, suna neman ƙauyukan da aka tashi mutanensu tun zamanin da. Bango yakan zube, rufi ya ruɓe. Amma in suka tono dokin ƙofa, sai babban malamin ya cire hula, ya ce a nan mutane suka zauna, ga inda gidansu ya fuskanta. Inda aka ɗauke dutsen kuwa, sai a ce dama makiyaya ce.

"Ko iƙama, takardar zama a ƙasar nan, ba ka da ita, dutse kake gadi?" Tariƙ ya yi dariya, ya fizgo shi ta ƙafa.

Malam ya rungume dutsen. Rodi na biyu ya farfasa masa yatsu. Na uku a ƙeya. Jini ya yi tsartuwa, ya malale farin dutsen.

Rahama, wadda ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai, ta yar da ƙullin ta kwarma ihu.

"Azzalumi! Jama'a, ya kashe shi!"

'Yan dako suka taho a guje. Tariƙ ya jefar da rodin, ya tsallake tarin bulo.

Ta tallafo kan tsohon a cinyarta, mayafinta ya jiƙe sharaf.

"Baba, sannu. Baba, kalle ni!"

"Dutsen yana nan?"

"Yana nan, Baba."

Kafin la'asar ya cika.

Washegari da safe Rahama ta koma kangon da tsohon faranti. Ta yi ta kwaso ƙasa tana zubawa, har dutsen ya ɓace da jininsa. Ta tattake wurin da ƙafa, ta tsaya a kai, tana fuskantar inda layinsu yake a da.