Riga Mai Hannu Ɗaya

Ni tela ce, kuma ba na son a koya mini aikina. Kowa a gidan nan ya san haka, shi ya sa ranar da Auta ya leƙo ɗakin ɗinkina ya ce, "Yaya, riga za ki ɗinka mini, amma yadda na ce za ki yi ta," saura kaɗan in jefe shi da alli. Abin da ya hana ni, rabon da ya nemi wani abu a wurin wani tun kafin ya kwanta asibiti.

Auta ƙanena ne, shi ne na ƙarshe a ɗakinmu. Bara injin yankan katako na masana'antar da yake aiki ya cinye masa hannun hagu daga gwiwa. Tun da aka sallamo shi bai taka bakin ƙofar gida ba. Ko zafi ake kamar me, yana cikin wata tsohuwar jaket, ya cusa hannun rigar da babu komai a ciki cikin aljihu. In aka yi baƙi sai ya shige ɗaki ya murɗa makulli. Mama ta yi kuka, na yi faɗa, maigidana ya yi lallashi, duk a banza.

Ya miƙo mini waya. Hoton wani mutum ne na cikin wasan bidiyon da yake bugawa, wai shi Jarumin Fitila: sulke a ƙirji, kwalkwali mai tsaga, doguwar riga ruwan toka, fitila rataye a ƙugu. Ya ce akwai taron masu irin wannan wasa a babban zauren da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, kowa yakan yi shigar wanda yake so, shi ma yana son zuwa.

"Zuwa? Da ƙafarka?"

"In kayan sun yi kyau," in ji shi.

Na sake duba hoton, sai na lura jarumin nan hannu ɗaya gare shi. An yanke hannun rigar hagu a gwiwa, an ɗaure bakinsa da igiyar fata. Na ɗauko tef na auna shi.

Sulken kuwa shi ya yi abinsa, kuma abin da na gani a makonnin nan ba zan manta ba. Ya sa maigidana ya sayo masa tabarmar roba, irin wadda ake shimfiɗawa a wurin motsa jiki. Ya baje ta a tsakar falo, ya take da gwiwa, ya danne ɗaya gefen da dungun hannun, yana bin zane da reza a hankali. Murfin gam da haƙori yake buɗe shi. Na'urar busar da gashina ya ɗauke ba ko sallama, ya matse ta tsakanin cinyoyinsa, yana gasa robar har ta yi laushi, sannan ya kifa ta a bayan tukunyar Mama ta ɗauki siffar kafaɗa. Mama ta yi ta neman tukunyarta tana sababi, da ta ga inda take sai ta dafa abinci a ƙaramar.

Kwalkwalin ya ba shi wahala. Na farko ya karkace, na biyu gam ya kama masa yatsu har sai da na zo da ruwan ɗumi. Na ce, "Kawo in riƙe maka mana, kai ka cika taurin kai!" Ya ce, "Yaya, je ki kekenki." Kai, yaron nan! Ya ɗaure abin a ƙafar tebur da tsohon ɗankwali, ya gama shi shi kaɗai. Da ya zo fenti, baƙi ya fara shafawa, sannan ya dangwali ruwan azurfa da busasshen burushi yana shafar gefe-gefe. Ina tsaye ina kallo tabarmar motsa jiki ta koma ƙarfen da ya sha yaƙi. Na ƙwanƙwasa da yatsa don in tabbatar, ya yi dariya. Na daɗe ban ji wannan dariyar ba.

Wani abu kuma da na lura, in yana aiki cire jaket ɗin yake yi, don tana hana shi motsi. Da zarar ya ji an taɓa ƙofa sai ya wawure ta.

To, ni ma na zauna na yi nawa. Rigar ta fito, ba yabon kai ba: na yi mata shafi a ciki, na goge gwiwar hannu da bakin ƙasa da takardar yashi don ta yi kamar ta tsufa. Amma da na zo hannun hagu, zuciyata ta ƙi. Ƙanena zai shiga cikin ɗaruruwan mutane, kowa ya zuba wa wurin ido? Ina! Na ɗinka hannu cikakke, na cusa soso, na sa waya a ciki ya ɗan lanƙwasa, na ɗinke baƙar safar hannu a ƙarshe. Ko likita sai ya taɓa zai gane. Har na ji daɗin kaina.

Ana gobe taron na kai masa. Ya ɗaga rigar, ya dubi hannun, ya ajiye ta a kan gado.

"Ba shi ba ne."

"Ban gane ba shi ba ne. Dubi ɗinkin nan!"

"Ɗinki ya yi, Yaya. Amma Jarumin Fitila hannu ɗaya gare shi."

"Wa zai ƙirga masa hannuwa? Don kai na yi, kada mutane su yi ta kallonka."

"In ɓuya nake so, ai ina da jaket," in ji shi. "Shigarsa kaɗai ce zan iya yi fiye da kowa a zauren nan. Kin ga kin mayar da ni wanda zai je ya yi ƙarya."

Ya jawo jaket ɗin ya sa, ya ce a bar maganar, ba zai je ba.

Raina ya ɓaci, na kwashi rigata na fito ina mita. A falo sai na ci karo da sulken a jingine da kujera, ga bututun gam duk shaidar haƙoransa a murfin. Na tsaya na daɗe ina kallo. Mutum ya yi wannan da hannu ɗaya, ni kuma da nawa biyu abin da na iya shi ne in rufe masa. Kunya ta kama ni, ba zan ɓoye ba.

Na koma ɗakinsa da almakashi. Na ce, "Tashi ka sa. Nuna mini daidai inda za a yanke, kuma kada ka saba, yau kaɗai za ka koya mini aiki." Ya sa yatsa a ƙasan gwiwar hannu. Na datse, soso da safa suka faɗi ƙasa. Na kalmashe bakin, na ɗaure da igiyar tsohuwar jakata.

Washegari maigidana ya kawo mota bakin ƙofa. Auta ya fito cikin sulke, fitilar ƙugunsa tana ci, Mama tana bayansa tana share ido da gefen mayafi. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya. Ya miƙo mini jaket ɗin ya ce, "Riƙe mini, ko da zan buƙata." Sannan ya tsallaka.

Zauren cike yake da masu fukafukai da masu takubban kwali. Ba mu yi nisa ba aka fara tare shi ana ɗaukar hoto. Wata budurwa mai koren gashi ta zagaya shi tana shafa sulken, ba ta yarda roba ba ce sai da ta latsa. Daga nan idonta ya sauka a hannun hagu.

"Kai, wannan ya fi komai! Don Allah yaya ka ɓoye hannun? Na duba ta baya ban ga alama ba."

Na matsa zan sa baki, Auta ya riga ni. Ya ɗaga dungun sama, igiyar tana lilo.

"Ban ɓoye ba," ya ce. "Nawa ne."

Yarinyar ta rufe baki, ta fara ba da haƙuri. Ya ce, "Bar haƙurin, gyara tsayuwa a ɗauke mu." Ta tsaya a gefensa na hagu.

Sai yamma muka baro wurin. A hanya ya ce a tsaya ya sayi ruwa, ya fita da kansa ya shiga kanti cikin mutane. Ina zaune a mota da jaket ɗin a cinyata. Har muka isa gida bai tambaye ni ita ba.