Ranar da Kepa Ya Goya Bixente

"Ba wanda zai saɓa ni kamar buhun dankali!"

Muryar Bixente na jiyo ta bango. Na ajiye wanke-wanke na leƙa.

Maƙwabcina ne a hawa na uku. A zamaninsa, duk ƙauyukanmu na yankin Baska ba wanda ya kai shi a wasan ɗaga dutse. Yanzu ko cokali sai matarsa Karmele ta riƙe masa. Ranar bikin gari ce, yana son sauka dandali kallon gasa. Ƙafafu sun ƙi, girman kai kuma ya hana a ɗauke shi.

"Likita ya ce ba zai ga na baɗi ba," Karmele ta raɗa mini. "Amma na aika a kira maganinsa."

Sai ga Kepa, tsohon abokin karawarsa. Tun wata gasa da alƙali ya ba Bixente nasara, shekara ashirin da shida ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Wa ya kira wannan ragon?" in ji Bixente.

"An ce akwai tsohon dutse a nan da ya gagari kowa."

"Kai da kilo ɗari biyu da hamsin ya kayar?"

"Ai kai yanzu ko hamsin ɗin ba ka kai ba. Miƙo hannu."

Bixente ya dubi Karmele, 'yar ƙaramar mace da ta yi wata shida tana juya shi ita kaɗai. Ta ɗaga masa gira.

"To, durƙusa da kyau. Kada ka ba ni kunya."

Kepa ya goya shi, muka bi su a baya da kujera da bargo, Bixente na ta faɗa: "Da ƙugu ake ɗagawa, sakarai!"

A hawa na biyu Kepa ya tsaya yana haki. "Ranar waccan gasar fa, dutsen bai zauna a kafaɗarka ba."

"Na sani. Bai zauna ba."

Dariya ta kusa kayar da su duka biyun.

Bixente ya kalli gasar har ƙarshe, ya kushe kowa, ya ci rabin kifi. Bayan kwana tara ya rasu da hantsi, hannunsa cikin na Karmele.

Jiya na shiga wurin Karmele aron gishiri, na tarar da Kepa a teburinta yana ɓarar wake da manyan yatsunsa. Karmele na tsince waɗanda ya murƙushe.