Fuskar Wule

An samu saniyar Hajara a kasuwar Kalgo kwana tara bayan an sace ta, kuma zanen fensir ne ya sa aka gane ta. A damunar 1974 aka yi wannan.

Hajara Bafillatana ce mai tallan nono, tana zaune a wata ruga bayan Malisa. Farin bara ya cinye garken da mijinta ya rasu ya bari, saura saniya ɗaya mai suna Wule. Wata rana da hantsi wani baƙo ya tsaya ya roƙi ruwa. Ta ba shi, ta tafi rafi. Da ta dawo, ba baƙo ba saniya. Ta kai ƙara wurin 'yan sanda.

Saje Namadi na ofishin 'yan sandan Gwandu bai daɗe da dawowa daga kwas ba, inda ya ga ana zana fuskar mai laifi daga bakin shaida. Ya sa aka kira Malam Abdulgani, mai koyar da zane a firamare.

"Inna, dogo ne ko gajere?" in ji Malam.

"Shi yana tsaye, ni ina durƙushe."

"Hancinsa fa? Yana da zane a kumatu?"

"Haba Malam, ni in ɗaga ido in dubi baƙon namiji? Ba haka aka rene ni ba. Takalminsa dai na roba ne."

"Rabin ƙasar Gwandu takalmin roba ne," in ji Saje.

Bayan awa guda, da'irar kai kawai ke kan takardar. Malam ya fara tattara fensirorinsa. Don kada a sallame ta haka, ya tambaye ta kamannin saniyar.

Nan bakin Hajara ya buɗe. Ja ce, da fari a goshi wanda ya gangaro ya karkata wajen hancin hagu. Ƙahon dama ya lanƙwasa ƙasa tun tana maraƙa. Tsaga biyu a kunne ɗaya. Malam ya juya takardar ya kama zane. Sau uku tana sa shi gogewa.

"Wagga ta cika fushi. Wule ba ta harara."

"Malam, ɓarawo na ce ka zana, ba nagge ba," in ji Saje.

"Yallaɓai, abin da shaida ta gani nake zanawa."

Malam ya kwafi zanen sau shida, aka rarraba wa dillalan shanu da sarakunan pawa. Ranar kasuwar Kalgo, sarkin pawa ya ga ƙahon cikin dabbobin da za a yanka, ya ciro takardar daga aljihu, ya hana a taɓa ta. Aka ɗauko Hajara a mota. Kira ɗaya ta yi, saniyar ta ja igiya ta nufo ta.

Mahaucin da ke riƙe da ita, Bawa, ya ce a hanyar Dalijan ya saye ta hannun wani mutum. Saje ya yi murna: ga namiji da ya yi ciniki da ɓarawo ido da ido. Aka sake kiran Malam.

"Na buɗe bakinta na duba haƙora," in ji Bawa. "Na matsa tozo, na ɗaga wutsiya."

"Mutumin nake tambaya."

Bawa ya daɗe yana tunani. "Yana da hula."

Malam ya zana hula. Hajara ta koma tallan nono a wannan makon. Mai hular kuwa har yanzu ana nemansa.