Ƙanƙarar Umaima

"Adda, don Allah ki gutsura kaɗan," in ji Umaima, amma yayarta ta riga ta kafta wa dutsen ƙanƙarar taɓarya, kusan rabi ya faɗa kwano.

"Azumi ake yi, 'yar boko. Da ruwan zafi kike so Baffa ya sha ruwa?"

Umaima ta rufe kula tana ƙunƙuni. Ɗalibar kimiyyar sinadarai ce a ajin ƙarshe, kuma yau za a rufe ɗakin gwaji sai bayan Sallah. Firjin ɗakin ya mutu, shi ya sa ta sayo ƙanƙara. In ba ta nuna sakamako yau ba, 'yan ajinta za su gama su bar ta.

Aikin kuwa na son sanyi ne. Haɗin da za ta yi hanya biyu gare shi. Cikin ƙanƙara, farin gari mai gaggawa ke riga fitowa, shi ake nema. In ya ji ɗumi ya daɗe, sai farin ya warware, wani mai ruwan ɗorawa ya maye wurin, shi kuma in ya zauna ya zauna ke nan.

Matsalar ita ce Umaima ba ta iya cewa a'a ba. Mai adaidaita da ya ɗauko ta daga Yalwawa ya ji kula na ƙwal-ƙwal, ya ce, "Hajiya, a ci lada mana." Ta gutsura. Maigadin ƙofar makaranta bai ma roƙa ba, murmushi kawai ya yi ya miƙo leda. Kai, Umaima!

Da ta isa, abin da ya saura bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Ta fasa ɗaya a mazubi, ta tsoma kwalbar haɗin a ciki, ta bar ɗayan a kula don ƙari.

Sai ga Dakta Idirisu, malamin da zai ba ta maki, leɓe a bushe, gora a hannu.

"Kar ki bari ya ji ɗumi fa," ya ce. Ya leƙa kula, ya yi gyaran murya. "Af, ashe da ragowa. Ko za a ɗan taimaka wa tsoho?"

Hannunta har ya kama hanya da kansa. Ta dubi kwalbar, ƙanƙarar da ke kewaye da ita ta fara zama ruwa. Kunya kamar ta nutse, amma ta ja kula ta zauna daram a kan murfin.

"Akwai, Dakta," ta ce. "Amma wallahi ba zan bayar ba."

A cikin kwalbar farin gari ya fara sauka a hankali. Dakta ya sunkuya ya duba, ya gyaɗa kai, sannan ya ajiye gorarsa kusa da ƙafarta.

"To, marowaciya. In kin gama, ruwan da ya narke nawa ne."