Ra'ayin Waɗanda Suka Zo

Malamin da ke koyar da dabarun bincike ya lura ajinsa sai ramewa yake yi. Ɗalibai arba'in ne a rajista, amma bakwai kawai ke zuwa, su ma a kujerun baya suke lafewa, kusa da fanka.

Shi ba ya aiki da zato. Ya rubuta matsalar a saman takarda, ya ja mata layi biyu. Ya shafe wata guda a laburare yana karanta abin da masana suka ce kan gudun aji, sannan ya tsara tambayoyi ashirin, ya raba a aji ranar Talata. Bayan mako biyu yana fama da alƙaluma, sakamako ya fito: ɗalibai kashi ɗari bisa ɗari suna jin daɗin darasinsa.

Ya kawo wa matarsa rahoton, baki har kunne. Ta ajiye dutsen guga, ta duba shafin ƙarshe.

"Malam, su wa suka cika takardun?"

"Waɗanda ke aji mana."

"To, sauran talatin da ukun fa? Ai su ne suka gudu."

"Haba, ke ma dai! Wanda bai zo ba, ta ina zan miƙa masa takarda?"

Ya shige ɗaki ransa a ɓace. Da ya huce, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: akwai buƙatar faɗaɗa bincike. Washegari shugaban sashe ya karanta, ya yaba ƙwarai, ya ce a gabatar a taron malamai.