Ƙoƙuna a Garkar Dankali

Shekara biyu kafin a hana aikin dole, wani Bature mai kula da noma ya sa aka share garka a fadamar Dumega don gwajin dankali. Ya zo da tono uku, wato manyan gangunan ruwa, aka ɗora bisa dogon dakali, da tiyo na ƙarfe mai kawuna goma sha biyu masu fesa ruwa kamar yayyafi. Mutum takwas 'yan aikin dole ke jan wasaki a rijiya tun hantsi har la'asar don cika tonon, amma dankalin ƙarshen garka sai bushewa yake yi.

Aka kira Jibo maƙeri, wai ya ƙara wa kawunan faɗi.

Jibo bai taɓa guduma ba ranar. Gida ya koma ya kwaso ƙoƙunan matarsa Kubra, tana bin shi da faɗa har bakin zaure. Ya jera su cikin garka, taku biyar-biyar, ya ce a saki ruwa. Da aka rufe, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsoma yatsa. Na kusa da tono sun cika har suna zuba. Na nesa kuwa, ko kaza ba za ta jiƙa baki ba.

"Mushe," in ji Jibo ta bakin tafinta, don haka ake kiran Baturen Faransa, "ba ruwa ka rasa ba, rabo ne bai yi daidai ba. Ga kuma iskar gabas tana kwashe shi in rana ta ɗaga."

Baturen ya durƙusa ya tsoma nasa yatsan. Ya daɗe bai miƙe ba.

Kwana uku Jibo ya yi yana aikin. Ya cire kai huɗu, ya matse hudar na kusa, ya buɗe ta na nesa, ya ce a riƙa ban ruwa da sassafe kafin iska ta taso. Aka sake jera ƙoƙuna. Wannan karon kowanne ya tsaya gaɓar yatsa ɗaya.

Daga ranar mutum uku suka wadatar da rijiyar. Sauran biyar aka sallame su suka koma garakensu na albasa.

Baturen ya zana sabon tsarin a takarda zai kai garin Dogon Dutsi, ya tambayi sunan da zai sa.

Jibo ya gyara tsayuwa. "Rubuta Jibo ɗan Habu, maƙerin Dumega. Ka sa da sunan tsohona, wajensa na koyi aiki."